Larurar da ke ƙarƙashin hodar iblis: abin da ya same ni a Gombe

Assalamu alaikum. Ni haifaffen Gombe ne, ɗan kasuwar hatsi, magidanci. Na yi shekaru ina shan hodar iblis, Allah Ya raba ni da ita. Dalilin wannan rubutu shi ne wata larura da aka gano ina ɗauke da ita tun yarinta, wadda likitoci ke kira ADHD, wato kasa tattara hankali wuri ɗaya, haɗe da rawar kai da garaje. Sai da aka gano ta aka fara yi mata magani sannan barin hodar ya ɗore. Na san akwai irina a Gombe da Bauchi, ana kai su gidajen gyaran hali, su fito, su koma ruwa, kuma ba wanda ya taɓa tambayar yadda yarintarsu ta kasance.

A makarantar allo, in malam yana tsaye a kaina, nan take nake riƙe karatu. Da ya juya baya, hankalina ya tashi. A boko ma haka. Takalmi, biro, littafi, kullum ina cikin neman wani abu da na yar. A aike ni sayen gishiri, in tsaya kallon makanikai har a biyo sawuna. Sunayen da na sha su ne ƙiriniya, rashin ji, kunnen ƙashi. Bulala kuwa ba a magana. Malamai suna cewa yaron yana da kai amma ba ya mai da hankali, Dada, wato mahaifiyata, kuma takan ce a bar shi, in ya girma zai bari. Ba na ganin laifin kowa a cikinsu. Abin da suka sani ke nan.

Na girma, tsalle-tsallen ya ragu, amma abin bai tafi ba, ciki ya koma. Haka larurar take yi wa manya. Kimanin yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, manya kuma tsakanin 2 da 3 cikin 100, kuma gado yana da babban hannu a ciki. Ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma daƙiƙanci ba. A wurin ɗan kasuwa ga kamanninta: ka ba da bashin buhu goma ka manta ba ka rubuta ba, ka sa a yi lodin mota kafin a gama ciniki, littafin lissafi ya yi wata ba ka buɗe ba, ba don ba ka iya ba, sai don zaman yi yana yi maka nauyi kamar me. Kana katse mutane a tsakiyar magana. Fushi ya taso maka kamar zai tsaga gida, bayan minti goma ka manta, amma wanda ka gaya wa maganar bai manta ba. Wanda ya fi ci mini rai shi ne salla: da wuya in idar da raka'a huɗu ban yi kokwanton inda nake ba, kullum ina cikin ƙabli da ba'adi, har na fara zargin imanina. Da goro da shayi mai kauri da sigari nake tallafar kaina, ban san cewa magani nake lalube ba.

Hodar ta same ni ne a Legas, lokacin da na fara kai wake kudu, a hannun wani abokin ciniki. Mutane suna zaton wanda ya sha ta zai tashi da ihu da rawa. Ni abin da na ji shiru ne. Hayaniyar da ke cikin kaina tun ina yaro ta lafa, na zauna na yi lissafin da na daɗe ina gudu, na saurari mutum har ya kai aya. Na ce a raina ashe haka sauran mutane suke rayuwa. Nan tarkon yake, kuma ya fi kama irinmu, domin wani yana sha don nishaɗi, mu kuwa muna ji kamar mun samu abin da ya ɓace mana ne.

Daga baya na fahimci dalili. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, dofamin, wanda ke sa mutum ya ji abu ya cancanci a tsaya a kansa, ya iya haƙuri da aikin da ladarsa ke nesa. Da shi da ɗan'uwansa noradirenalin ne ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa ke aiki wajen tsara abu da taka wa kai birki. A mai wannan larura, saƙon waɗannan sinadarai ba ya tafiya daidai, shi ya sa yake neman abin da zai motsa shi yanzu-yanzu. Ita hodar iblis tana toshe ƙofar da ke mayar da dofamin ma'ajiyarsa bayan ya gama aiki, sai ya taru da yawa a lokaci ɗaya. Amma wutar kara ce. Wadda aka shaƙa ta hanci, ƙarfinta minti 15 zuwa 30 ne. Wadda aka busa, minti 5 zuwa 10. Tana sauka, mutum ya faɗi ƙasa da inda ya tashi, sai ya ƙara. Ƙwaƙwalwa kuma tana kare kanta daga wannan ambaliya ta hanyar rage jin dofamin ɗin, don haka bayan 'yan watanni, larurar da ka je gyarawa ta ninka, abinci da hira da wasan yara duk sun daina yi maka daɗi, kuma adadin da ya ishe ka jiya ba ya isarka yau.

Haka ta kasance da ni. Natsuwar farko ba ta daɗe ba. Abin da ya biyo baya shi ne kwana biyu ba barci, sannan kwana biyu a kwance kamar gawa, ga yunwa, ga baƙin ciki marar dalili. Rashin barci shi kaɗai yana lalata hankalin mai lafiya, balle mai ADHD. Na fara zargin yaran shagona, ina leƙen taga da dare. Hanci ya riƙa zubar da jini, saboda hodar tana matse jijiyoyin jini, in aka daɗe har tana huda guringuntsin da ya raba ƙofofin hanci. Don in samu barci sai na koma ga ƙwayoyin sa barci da kodin, matsala ta zama biyu. Jari ya narke. Uwargida ta daina tambaya, ta koma kuka a ɓoye, wannan kuwa ya fi mini zafi a kan faɗa.

Wasu za su ce ai hodar iblis ta masu kuɗin Legas da Abuja ce. Gaskiya ne ba ta kai wiwi da tiramol yawa ba. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka sha wani abu a shekarar da ta gabace shi, masu hodar iblis a ciki kimanin 92,000. Amma tana shigowa ƙasar da yawa. A Satumban 2022 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, ta kama kusan tan 1.8 a wani gida a Ikorodu. Kuma duk inda motar kaya ke zuwa tana dawowa, ita ma tana iya biyo ta.

Na yi ƙoƙarin bari ba sau ɗaya ba. Na yi rantsuwa, na koma ƙauye wurin Baffa, an kai ni wani gidan gyaran hali na yi watanni. Kowane lokaci ina fitowa jikina garau, niyyata kuma da gaske. Abin da ba a gane ba shi ne an cire hodar an bar abin da ya kai ni gare ta. Na dawo kasuwa da kan nan nawa na dā: lissafi ya taru, an yi asara saboda mantuwa, an yi faɗa saboda bakina, zaman banza yana ci na. Kuma yanzu na san wani abu da ke kashe wannan hayaniya cikin minti kaɗan. Mai lafiya in sha'awa ta taso masa, akwai ɗan fili tsakanin jin ta da aikatawa, inda zai tuna 'ya'yansa da rantsuwarsa. Garajen wannan larura yana cinye filin nan. Kafin tunani ya iso, ka riga ka buga waya. Ga kuma mantuwar ranar ganin likita, da kasa zama a yi maka nasiha ta awa ɗaya. Ba ni kaɗai ba ne. Wani nazari na 2012 da ya tattara bincike masu yawa ya samu kimanin kashi 23 cikin 100 na masu matsalar shaye-shaye suna da ADHD. Wani na 2011 ya nuna yaran da ke da ita sun ninka sauran yara kusan sau biyu wajen haɗarin kamuwa da hodar iblis in sun girma. Masu larurar sukan fara shaye-shaye da wuri, ya yi musu tsanani, su kuma fi saurin komawa bayan magani.

Ciwon ƙirji ne ya kai ni asibiti. Wannan ba abin wasa ba ne: wani bincike a Amurka a 1999 ya gano haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa kusan sau 24 a awar farko bayan shan hodar, ko da mutum matashi ne. Yayana ne ya matsa in faɗa wa likitoci gaskiyar abin da na sha, su kuma suka tura ni ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. A can likitar ta yi mini tambayar da ba a taɓa yi mini ba: "Malam, kafin ka san hodar nan, yaya kake a firamare?"

Zan faɗi yadda binciken yake dalla-dalla, don a san ba a kallo ɗaya ake yanke hukunci ba. An fara da gwajin fitsari; burbushin hodar yakan kai kwana 2 zuwa 4 ana ganinsa, ya fi haka ga wanda ya daɗe yana sha da yawa. Likitar ba ta tabbatar da komai ba sai da na yi makonni ba na sha, saboda maye da kuma wahalar bari duk suna kwaikwayon larurar: rashin natsuwa, mantuwa, saurin fushi. An ba ni wata takardar tambayoyi 18 da aka tsara tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. Shida na farko su ne na tantancewa, in huɗu suka hau kanka sai a zurfafa. Takardar ba ita ce hukunci ba. Ƙa'idar da likitoci ke bi tun 2013 ita ce, ga wanda ya kai shekara 17, a samu alamomi 5 cikin 9 na rashin tattara hankali, ko 5 cikin 9 na rawar kai da garaje, su kai wata shida, su bayyana a wuri biyu ko fiye, kamar gida da wurin sana'a, suna kuma yi wa rayuwa illa ta zahiri. Sharaɗin da ya fi muhimmanci ga mai shaye-shaye shi ne a samu wasu alamomin tun kafin shekara 12. Shi ya sa aka ce in zo da Dada. Likitar ta gaishe ta, ta ce, "Mama, ki ba ni labarinsa yana ƙarami." Dada ta yi shiru, sannan ta ce, "Likita, wannan ko a goye ba ya zama." Ta kwashe labarin takalma da aike da bulala, abubuwan da ni kaina na manta. Bayan nan aka duba ko akwai ciwon damuwa, ko fargaba, ko ciwon nan mai ɗaga mutum sama ya sauke shi ƙasa na tsawon kwanaki, domin suna kama da juna kuma maganinsu daban. A ƙarshe aka auna hawan jini da saurin bugawar zuciya, aka yi gwajin zuciya na na'ura, aka tambayi ko akwai wanda ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi a danginmu.

Ranar da aka gaya mini sakamako na yi kuka. Rabi sauƙi ne, na san ni ba lalatacce ba ne tun asali. Rabi kuma baƙin cikin shekarun da suka wuce. Amma ina so a fahimce ni: larurar ta bayyana yadda na faɗa, ba ta halatta abin da na sha ba. Tuba tana nan a wuyana, haƙƙin iyalina da na waɗanda na ci bashinsu ma haka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Da wannan na riƙe duka biyun, istigfari da asibiti.

An fara ni da wani maganin ADHD mai suna atomoksetin. Ba ya sa maye, ba a kuma saba da shi irin sabon ƙwaya, shi ya sa likitoci da yawa ke fara ba mai tarihin shaye-shaye shi. Aibinsa jinkiri: yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye, kafin a ga amfaninsa, kuma a farko yana kawo tashin zuciya, bushewar baki da rashin son abinci. Shansa bayan cin abinci yana rage tashin zuciyar. A nan mutane da yawa ke yar da shi a mako na biyu su ce ba ya aiki. Ni ya ɗan taimaka, bai isa ba. Bayan gwajin fitsarina ya daɗe yana fitowa tsaf, aka mayar da ni kan wani maganin ADHD ɗin, metilfenidet, irin mai sakin kansa a hankali a jiki.

Yayana ya tayar da hankali da ya ji cewa wannan maganin ƙofa ɗaya yake toshewa da hodar iblis. Ya ce, "Likita, wannan ba canza masa ƙwaya kawai za a yi ba?" Tambayar tana kan hanya, kuma masana sun yi ta tun 1995, lokacin da wata mai binciken ƙwaƙwalwa a Amurka, Nora Volkow, da abokan aikinta suka ɗauki hoton yadda sinadaran biyu ke shiga ƙwaƙwalwa da fita. Abin da aka fahimta shi ne sauri ke haifar da maye da kamu. Hodar tana hawa cikin daƙiƙoƙi ko mintuna kaɗan, ta fice da wuri, ta bar mutum yana neman ƙari. Ƙwayar da aka haɗiya tana hawa sannu, irin mai dogon zango kuma tana aiki awa 8 zuwa 12 ba tare da wannan tsallen ba. Amma duk wannan yana tsaye ne a kan ƙa'ida. Sau ɗaya da safe, a haɗiye ta ɗungurungum, ba a tauna ba a daka. Ba a ba ni na wata guda ba, kaɗan-kaɗan ake ba ni, kuma a hannun uwargida yake, ita ke miƙo mini. Ana auna hawan jini da nauyi a kowace ziyara, ana gwajin fitsari ba tare da an sanar da ni rana ba. Haɗa shi da hodar iblis kuwa ɗora wa zuciya kaya biyu ne, don haka wanda ya zame ya sha, ya faɗa wa likita kafin ya ci gaba.

Kada kowa ya ɗauka ƙwayar ita kaɗai ke raba mutum da hodar. Har yau babu wani magani da aka amince da shi na warkar da kamun hodar iblis. Gwaje-gwaje da dama sun nuna maganin ADHD yana gyara natsuwa amma bai rage shan hodar sosai ba. Akwai wani na 2015 a Amurka, a kan mutum 126 masu matsalolin biyu, da aka ba wasunsu wani magani mai dogon zango da ƙarfi tare da zaman gyaran tunani kowane mako: kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka samu mafi ƙarfin suka yi makonni uku na ƙarshe ba su sha ba, a kan kashi 7 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta. Bambanci ne babba, amma a lura, bakwai cikin goma ba su kai ba. A ganina abin da maganin ya yi mini shi ne ya dawo da filin nan tsakanin sha'awa da aikatawa. Abin da zan yi a cikin filin, sai da aka koya mini.

A zaman gyaran tunani aka sa na rubuta abubuwan da ke tayar mini da sha'awa. Nawa su ne kuɗi a aljihu bayan ciniki, ɗakin otal ni kaɗai, da daren da aka yi faɗa a gida. Kowanne aka yi masa shiri. Kuɗin ciniki suna shiga asusun da sai da sa hannun yayana ake cirewa. Na canza layin waya. Tafiyar kudu na bar wa ƙanena. An koya mini cewa sha'awa tana hawa ta kai ƙololuwa ta sauka, galibi cikin rabin awa, in ba a ciyar da ita ba. Don haka in ta taso, in tashi daga wurin, in yi alwala, in kira mutum ɗaya da muka yi alkawari da shi, in taka da ƙafa. Hanyar da bincike ya fi tabbatar da amfaninta a kan hodar iblis ita ce ba da ƙaramar lada nan take duk lokacin da gwajin fitsari ya fito tsaf, ladar tana ƙaruwa in aka jera. Ta dace da kanmu ƙwarai, tunda alkawarin nesa ba ya riƙe mu. Mu a gida muka yi namu: kowane gwaji mai kyau, yayana ya sakar mini wani kaso na jari. Ayyukan yini kuma na ɗaure su da salloli, tunda su ba sa motsi: magani bayan asuba, lissafin jiya kafin azahar, duba masu bashi bayan la'asar, waya a kashe bayan isha. Da azumi ya zo, likita ce ta tsara mini lokacin shan maganin, ban yi gaban kaina ba.

Abubuwa biyu ga iyalai. In mai shan hodar ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko ya yi farfaɗiya, ko jikinsa ya yi zafi sosai yana sambatu, ko gefe ɗaya ya mutu, a tafi asibiti nan take a kuma faɗi abin da ya sha, jin kunya a nan yana kisa. Sannan kwanakin farko bayan bari, baƙin ciki yakan yi nauyi har wasu su yi tunanin kashe kansu. Kada a kulle shi a ɗaki shi kaɗai da sunan horo.

Kuma ba kowane mai shaye-shaye ne ke da ADHD ba, mafi yawansu ba su da ita. Wanda ya karanta wannan ya je ya nemi metilfenidet a bayan fage, ya buɗe wa kansa wata ƙofar bala'i ne. Magani ne da doka ta tsare, sai da takardar likita, samunsa a nan yana wahala kuma yana da tsada. Ni nakan fara neman na gaba tun saura mako guda wanda ke hannu ya ƙare, in ya yanke kuma in koma wa likita, ba na neman madadi da kaina.

Yau ina kasuwa, jarin bai kai na dā ba, ina biyan bashi a hankali. Mantuwa ba ta tafi duka ba, sha'awar ma takan leƙo, musamman in na gaji. Ɗana na biyu yana da irin halina sak, kuma mun kai shi an duba shi. Na yi fargabar ba shi magani, sai likita ta nuna mini cewa manyan bincike a Suwidin da Amurka ba su samu maganin yana ƙara haɗarin shaye-shaye ba, alamu ma sun fi nuna yana rage shi. Mun zauna da malamansa, an dawo da shi layin gaba a aji, ana raba masa aiki gutsure-gutsure.

Wanda ke son a duba shi ko a duba nasa, akwai ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna. A tafi da uwa ko yaya ko duk wanda ya san yarintar mutumin, da takardun sakamakon firamare in suna nan, da jerin duk abin da yake sha ba ɓoye ko ɗaya. In likita ya tsaya a kan shaye-shayen kawai, a roƙe shi kai tsaye ya duba ADHD ma, a kuma tambayi ranar da za a dawo don wannan binciken kafin a bar ofishinsa.